Dariya Cikin Takaba

Har gobe akwai gidaje a danginmu na wajen uba da in an ambace ni sai wani ya ce, "Wace? Wadda ta sa uwarta dariya cikin takaba?" Ni ce, ban musa ba. Ban kuma rubuta wannan don a wanke ni ba. Na gaji ne da jin labarin daga bakin mutanen da ko ƙofar gidanmu ba su taka ba ranar.

Mahaifinmu, Abba muke ce masa, ma'aikacin gidan gona ne a Magarya har ya ajiye aiki. A waje mutum ne mai shiru, mai kamun kai, irin wanda ake kira in za a yi sasanci. A gida kuwa yana da ciwo guda da ba mu samo masa magani ba: ya yarda har zuciyarsa babu abin da ba zai iya gyarawa ba. Rediyo, agogon bango, fitila, har injin markaɗen maƙwabta. Sai ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya kwance abu gaba ɗaya, ya wuni yana mayarwa, daga ƙarshe a ga ƙusoshi uku ko huɗu sun rage a kan buhu. Ya dube su ya ce, "Waɗannan dama ƙari ne, masu ƙerawa suka yi ɓarna." Innarmu ta tsince su ta zuba a wani gwangwanin madara. Matar zamaninsu ba ta yi wa mijinta dariya a fuska. Sai dai ta shige madafa, mu hango kafaɗunta suna rawa.

Ana nan sai wata tashar talabijin ta tsallaken iyaka ta fara nuna wani wasan barkwanci duk ranar Asabar, ƙarfe biyar na yamma. Wani tsoho ne mai rumfar gyare-gyare a bakin kasuwa, da matarsa mai tuyar waina a gefen rumfar. Duk mako a kawo masa abu, ya lalata shi fiye da yadda aka kawo, ya kuma kafa hujja. Matar ce kullum ke rufa masa asiri, ta cika mai kayan da waina har ya mance abin da ya kawo shi. Ranar farko da muka gani, Inna ta daure, ta daure, da tsohon ya ɗauki wani ƙarfe da ya rage ya jefa aljihu a sace sai ta faɗi a kan tabarma. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Abba yana zaune a kujerarsa, fuska a ɗaure. Ya ce, "Ni ban ga abin dariya ba. Wannan ai bai iya aiki ba ne. Dubi yadda ya riƙe guduma." Daga ranar, shekara kusan tara, ba su taɓa fashin Asabar ba. Shi ne ma ya haɗa wa tele batir da hannunsa, don kada a ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a tsakiyar wasa, wai yana so ya ga iyakar shirmen tsohon.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, ina koyarwa a Dogo-Dogo, kuma na sha zama da abokan aiki masu cewa irin waɗannan wasanni ɓata lokaci ne, ba sa koyar da komai. Gaskiyarsu, ba sa koyarwa. To mutanenmu darasi suka rasa? Daga safe zuwa yamma wa'azi ake musu: malam ya yi, likita ya yi, rediyo ya yi, mu ma 'yan lakwal mu ɗora namu. Mutumin da ya wuni yana duban sama ko hadari zai haɗu, ko matar da ta kwana uku tana jinya, me za su yi da ƙarin darasi? Abin da suke so shi ne wuri guda a duniya da suka san duk abin da ya ɓaci ƙarfe biyar da kwata, kafin shida an shirya ana cin waina. Tsohon ba ya gyaruwa, matar ba ta yaji, ba wanda ke mutuwa. Sannan kowa yana da irinsa a gida. Matan unguwarmu da ke shigowa kallo, kowacce cewa take, "Wallahi namu ne sak." Sai daga baya na gane abin da wasan yake yi wa Inna ita kaɗai. Minti arba'in a mako an ba ta damar yi wa mijinta dariya da ƙarfi, yana zaune a gefenta, ita ba ta yi rashin kunya ba, shi bai zubar da girma ba. Na tabbata ya sani sarai.

Abba ya rasu da kaka, ana cikin ɗaurin gero, bayan jinyar kwana shida. Yayarsa, Gwaggo, ta zo daga Waca da ƙullin kayanta don ta zauna da Inna har ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma. Gwaggo ce mai riƙe da ƙa'idar irin wannan zama a danginmu, kuma ba ta wasa da ita. Ta tsefe wa Inna kitso, ta kwashe kwalli da turare, ta kife madubi, ta ba ta 'yar wuƙa ta ce kada ta je ko'ina, ko da banɗaki ne, ba tare da ita ba. Magana sai ƙasa-ƙasa. Kuka ma da ma'auni, in hawaye suka zubo sai ta ce, "Bari, ƙona shi kike." Tele kuwa, da ke ɗakin Inna, ta ɗauko wani tsohon zanenta ta lulluɓe shi, ta ɗora kwanon goronta a kai.

Ban hana ba. Ni ma uba na rasa, kaina ba ya tare da ni. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, na koma bakin aiki. Amma duk Asabar da sassafe nake hawa kabu-kabu zuwa Dungas, in shiga mota zuwa Magarya, kuma duk zuwa sai in tarar an rage mini uwa. Zanen da take ɗaurawa ya fara zagaye ta kusan sau biyu. Fura kurɓa biyu ta ajiye. Tuwo ta ce ƙirjinta ya cika. Na kai ta likita aka auna ta ko'ina, aka ce ba a ga ciwo ba, ta dai riƙa cin abinci. Na sayo madara, na sayo kifi, na dama kunun gyaɗa da hannuna, duk ya kwana a kwano. Gwaggo ta ce, "Haka takaba take. Wadda ta fito da ƙiba ai ba ta yi ba." Wani zuwan na same ta zaune tana fuskantar bango, wuƙar a cinyarta, sai da na yi sallama sau uku ta amsa. Ranar tsoro ya kama ni sosai. Na gani a fili matar nan bin mijinta za ta yi, mu kuma muna zaune muna kallo, muna kiran abin ladabi.

Ga shi ni ce 'yar fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce kawai, ba ta zama hira da ni, ba ta kallona ido cikin ido. Ba ni da hanyar da zan matsa kusa da ita in ce, Inna, me ke cin ki? Da na gwada, da tashi za ta yi ta bar mini ɗakin.

Wata Asabar, takaba ta kai wata biyu, muna zaune a rumfa mu uku, ni ina ɓarar gyaɗa. Ƙarfe biyar ta yi, sai kiɗan buɗe wasan ya tsallako katanga daga gidan maƙwabta. Na ga kan Inna ya ɗago. Ta karkata kunne wajen katangar, bakinta ya ɗan motsa, karo na farko cikin wata biyu na ga wani abu mai rai a fuskarta. Gwaggo ta yi gyaran murya. Shi ke nan. Inna ta sunkuyar da kai, ta jawo mayafi. Na ci gaba da ɓarar gyaɗa, ina murƙushe ta har da 'ya'yan.

Washegari na je wurin limamin unguwarmu, dattijon kirki, abokin Abba. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, addini ya hana mai takaba kallon tele? Ya hana ta dariya?"

Ya ce, "Ado aka hana ta, da turare, da fita ba dalili, da maganar aure. Dariya kam ban gani ba."

Na ce, "To ko za ka taka ka faɗa wa Gwaggo?"

Sai ya shiga jan carbi. Can ya ce, "'Yata, kin san bakin mutane. Saura wata biyu da 'yan kwanaki, a lallaɓa."

Na yi godiya na tashi. A hanya ina ta huci, ina cewa a raina, wata biyun a jikin wa za a cire su? Kowa ya san gaskiya, kowa yana jiran wani ya fara. Na koma Dogo-Dogo na yi sati guda ina huce haushi a kan alli da allo. Wata abokiyar aikina da na faɗa wa ta ce in rufa wa kaina asiri, dangin uba ba abin wasa ba ne, ranar da na shiga uku su ne za su tsaya mini. Na ce mata na ji. Na kuwa ji, amma na riga na yanke.

Asabar da ta biyo na iso da azahar, na ci abinci, na yi la'asar, na zauna ina duban agogo. Inna da Gwaggo suna cikin ɗaki. Biyar saura kaɗan na tashi na shiga. Na sauke kwanon goro, na yaye zanen, na kakkaɓe shi, na ninke shi tsaf, na miƙa wa Gwaggo da hannu biyu.

Ta dube ni, ta dubi zanen. Ta ce, "Mene ne haka?"

Na ce, "Zanenki ne, Gwaggo. An gode."

"Ke 'yar nan, kanki ɗaya? Ƙasar kabarin ubanki ko kwantawa ba ta yi ba."

"Gwaggo, uban nawa shi ya haɗa wayar nan da hannunshi."

"Abin da aka koya miki a lakwal ke nan? Ki tsaya gaban yayar ubanki kina mayar mata da magana?"

Na ce, "A lakwal ƙidaya aka koya mini. Yau kwana sittin da bakwai matar nan ba ta cinye malmala guda ba."

Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba kafin ranar. Na durƙusa bayan tele ina lalubar wayoyin batir, kuma da yake haɗin Abba ne, sai an murɗa biyu an danne su da dutse kafin hoto ya fito. Ina murɗawa ina hawaye, ina jin haushinsa, ina kewarsa. Hoto ya kawo. Gwaggo ta tashi ta tsaya bakin ƙofa tana salati. Inna kuwa ta juya wa tele baya, ta lulluɓe kanta. Na ƙara murya kaɗan, na zauna.

A wasan ranar, wani mai shago ne ya kawo wa tsohon fankarsa da ta daina juyawa. Tsohon ya kwance ta, ya mayar, ya kunna. Fanka ta kama juyawa da wani irin ƙarfi har ta fara tafiya da ƙafarta, ta fice daga rumfa tana jan wayarta, ta tarwatsa kaji, ta kife wa matar tandar waina. Mai fanka yana ihu, tsohon ya gyara zaman hula ya ce masa cikin natsuwa, ai da can malalaciya ce, shi ya koya mata fita neman na kanta, kamata ya yi a gode masa.

Na ji wani sauti a bayana, na zaci tari ne. Na waiga, mayafin Inna na rawa. Ta toshe baki da hannu biyu, abin ya ƙi. Sai ya ɓalle. Dariyar nan tata ta da, mai ƙara, wadda ake ji har bakin hanya, ita ce ta fito daga jikin da na ɗauka ba sauran ƙarfi a cikinsa. Ta juyo gaba ɗaya tana nuna tele da yatsa, wuƙar ta faɗi ƙasa ba ta ma sani ba. Ban san inda dariyar ta ƙare kuka ya fara ba. Ta yi kuka da murya, irin wanda aka hana ta ranar da aka fita da gawar Abba, ta yi ta yi har wasan ya ƙare aka shiga talla. Ban rarrashe ta ba, ban kuma bar kowa ya rarrashe ta ba. Da ta yi shiru ta share fuska da bakin zane, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ke, a kaɗa miyar kuɓewa." Bayan magariba ta ci malmala ɗaya da rabi, ina zaune ina kallo ta wutsiyar ido.

Katangarmu gajera ce. Kafin hantsi labari ya gama unguwa, an kuma yi masa ado a hanya: wai matar marigayi tana ta shewa da tafi, wai har rawa ta taka. Gwaggo ta aika aka kira Baffa, ƙanen Abba, mai sayar da hatsi a kasuwa. Ya zo, aka shimfiɗa masa darduma a tsakar gida, aka kira ni na durƙusa. Gwaggo ta zauna a gefensa. Inna tana cikin ɗaki bayan labule.

Baffa ya yi dogon jawabi a kan mutuncin gida. Ya ce ɗan'uwansa ya rayu ba wanda ya taɓa nuna ƙofarsa da yatsa, yanzu ya kwanta dama an mai da gidansa dandali. Hukuncinsa biyu ne: in ba Gwaggo haƙuri a gabansa, sannan a ɗauki tele a kai gidansa sai an fita takaba.

Na ce, "Baffa, haƙurin me zan bayar? Na laifin ta ci tuwo? Wata biyu kuna shigowa gaisuwa, kuna ganin matar nan tana ƙarewa, wa ya kira taro? Jiya ta yi dariya, yau ga darduma."

Ya miƙe tsaye, ya ce ba ni da tarbiyya, ya ce ba da ni zai yi magana ba, ya nufi ɗakin zai ɗauko tele da kansa. Bai kai bakin ƙofa ba muryar Inna ta fito daga bayan labule. Ba ƙasa-ƙasa ba, muryarta ta kullum.

"Yaya, ku yi haƙuri. Kai ma ka yi haƙuri. Tele nan zai zauna."

A shekara talatin da shida da ta yi a gidan, ba wanda ya taɓa jin ta ce wa dangin miji a'a.

Ta ce, "Ba kwalli na sa ba, ba fita na yi ba. Tun ranar da kuka ɗauke shi kuka fita da shi, ko a mafarki ban gan shi ba. Na roƙi Allah, ban gan shi ba. Jiya na gan shi. Asabar ma ina son in gan shi."

Baffa ya tsaya a inda yake. Sai ya juya yana goge ido da hannun riga, ya fita ko dardumarsa bai waiwaya ba. Gwaggo ta miƙe. Ta shiga ta ƙulle kayanta, ta ɗauki kwanon goronta, ta ƙi a raka ta tasha. Kafin azahar ta shiga motar Waca. Ranar fitar takaba ba ta zo ba, ba ta aiko ba, da bikin ƙanwata ma haka. Wasu dangi suka bi bayanta suka ɗauke mana ƙafa, kuma ya yi mini zafi, don cikinsu akwai waɗanda suka goya ni. Inna dai ta ƙarasa takabarta yadda addini ya ce, ba ado, ba fita, tana kallon tsohonta duk Asabar, ta fito da ƙafafunta. Tana nan da ranta yanzu haka, tana faɗa da jikoki in sun canza mata tasha.

Bayan shekara uku muka ji Gwaggo ba lafiya. Inna ta ƙulla sabulu da goro da sukari, ta ajiye a gabana, ta ce da bango, ba da ni ba, "A je Waca a gaishe ta. A kuma ba ta haƙuri, babba ce." Na ce to.

Na same ta kwance a ɗakinta, ta tsufa ƙwarai. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na zauna a bakin gado na fara matsa mata ƙafa, ba ta janye ba. Ina ta juya maganar a bakina, na rasa ta inda zan kamo ta. Sai ita ta riga ni.

"Uwarki tana cin abinci?"

"Tana ci, Gwaggo."

"Har yanzu ana yin wasan nan?"

"An daina sabo, sai maimai."

Ta kafa wa rufin ɗaki ido. Can ta ce, "Ni da na yi tawa, goyo ne a bayana, ban kai shekarunki ba. Uwar mijina ta zaunar da ni a ɗaki kamar wannan. Wata huɗu da kwana goma ban ji muryata ba. Da na fito na nemi dariyata na rasa, har yau." Ta juyo ta dube ni. "Ni ba wanda ya shigo ya yaye mini zane."

Ban taɓa sanin haka ba. Tun tasowata Gwaggo mai ɗaure fuska na sani, na ɗauka haka aka haife ta. Tausayinta ya kama ni. Na ci gaba da matsa mata ƙafa, hawayena suna ɗiga a kan zanenta, har aka kira la'asar. Na yi mata wanki, na dama mata kunu, na kwana biyu a wurinta. Amma haƙurin da aka aiko ni in bayar ban bayar ba, ita ma ba ta nema ba.